Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin gidajen bakin tafki, daga Komo har Gidimuni

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni uku ne suka faɗo kan magana guda, sai na ga gara in haɗa su wuri ɗaya, sauran tambayoyin kuma ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba, ina wuni, ya aiki ya iyali. Ɗiyarka ce daga Sabon Gari nan Zinder. Yayana yana aiki a wani gari kusa da Milano can Italiya, to Allah ya yi ya samo ma Hajiyarmu biza zata je ganin jikokinta kuma ni zan raka ta. Yace zai kai mu wani tsohon gida na masu kuɗin da a bakin tafkin Komo wai shi Balbiyanelo, har hotuna ya turo a WhatsApp wlh wurin ya yi kyau. Amma Hajiya tace ita ba zata biya kuɗi dan ta shiga gidan wanda ya riga ya mutu ba, ga shi kuma tana fama da ciwon gwiwa da tansiyo. Dan Allah Baba me ake gani a wurin, kuma tsohuwa zata iya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya kai ku lafiya ya dawo mana da ku lafiya, ki gaida min Hajiya da kyau. Yayanki ya iya zaɓe, dan a duk gidajen da ke zagaye da wannan tafki ban ga wanda ya kai shi zama a wuri mai kyau ba, amma maganar gwiwar Hajiya ba abin wasa bace, zan zo kanta.

Shi tafkin Komo a arewacin Italiya yake, gindin duwatsun Alp dab da iyakar Suwizalan, faɗinsa murabba'in kilomita 146, shi ne na uku a girma a ƙasar bayan Garda da Majore, zurfinsa kuma a wani wurin ya haura mita 400. Mu da muka tashi a garin da ake kwana a layin famfo ana jiran ɗan garuwa, ranar da kika fara ganin wannan ruwa mai daɗi kwance tsakanin duwatsu ba iyaka sai kin yi tasbihi, wannan kaɗai ma ya isa dalilin zuwa. Gidan yana kan wani tsinin dutse da ya kutsa cikin ruwa kusa da ƙauyen Lenno, ruwa ta gaba ruwa ta dama ruwa ta hagu. Asalin wurin mazaunin wasu masu ibada ne na Kirista, har yanzu hasumiyoyi biyu na tsohuwar cocinsu suna tsaye. A 1787 wani babban malamin cocin Katolika mai suna Kadinal Durini ya gina gidan dan ya riƙa hutawa yana karatu da baƙinsa, ya rasu a 1796, daga nan gida ya yi ta sauya hannu har ya lalace, sai wani Ba'amurke Butler Ames ya saye a 1919 ya gyara.

Amma wanda za ki ga sawunsa ko'ina a gidan shi ne mai shi na ƙarshe, Guido Monzino, ɗan wasu attajiran Milano masu manyan kantuna, ya sayi gidan a 1974. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da dukiyarsa a yawon duniya da hawan duwatsu. A 1971 ya kai can ƙarshen arewacin duniya inda ba komai sai ƙanƙara, da keken da karnuka ke ja, a 1973 kuma shi ya jagoranci tawagar Italiya ta farko da mutanenta suka taka ƙololuwar Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya. A benen ƙarshe na gidan an jera kayan tafiye-tafiyen nasa, kuma abin da ya fi tsayar da ni shi ne wannan keken ƙanƙarar, katako ne zalla an ɗaɗɗaure gaɓoɓinsa, ba taya ba inji, ga rigunan fata masu gashi a gefe, ki tsaya ki duba ki ce wai a kan wannan ɗan abu mutum ya ratsa ƙanƙara makonni. Akwai ɗakin littattafai, akwai ɗakin taswira, akwai kayan sassaƙa da ya tara daga ƙasashe har da na Afirka. A waje kuma akwai wata rumfa ta dutse mai baka uku a can sama, wata ciyawa mai yaɗo ta nannaɗe ginshiƙanta an bi ta da almakashi an gyara har ta zama kamar igiya aka murɗa, in kika tsaya a tsakiyarta kina ganin tafkin ta ɓangare biyu, har da ɗan tsibirin Komacina wanda shi kaɗai ne tsibiri a tafkin. Ga kuma wata ƙatuwar bishiya da ake aske kanta ta zama laima, masu askin sai sun hau da igiya. Ƴan fim ma sun sha ɗaukar fim a wurin, shi ya sa za ki ga baƙi daga ko'ina suna layin hoto, wasu ma aure suke zuwa ɗaurawa.

To maganar Hajiya cewa gidan mamaci ne, tana da gaskiya mai gidan ya mutu tun 1988, amma ki gaya mata cikin ladabi ba magada ake tara ma kuɗin ba. Kafin ya rasu ya yi wasiyya a ba wata ƙungiya mai kula da kayan tarihin Italiya gidan, ana ce mata FAI, an kafa ta a 1975, kuma bai ba su gida tsurarsa ba, ya haɗa da kayan ciki duka da dukiyar da za a riƙa gyara da ita. In kin duba kusan abin da muke kira wakafi ne. Kuɗin biye da kuke biya shi ake biyan masu lambu da masu gadi da masu gyaran rufi, shi ya sa gidan da ya haura shekara 230 yake tsaye tsaf. Ni wannan ne ya fi burge ni fiye da duk kayan alatun da ke ciki, dan tara dukiya kowa na iya yi in Allah ya ba shi, amma mutum ya zauna ya yi lissafin wa zai share gidan nan bayan ba ni, wa zai toshe in ya yi yoyo, wannan sai mai hangen nesa. Kuma Hajiya ta fi ni sani, Alƙur'ani a wurare da dama ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance, akwai a Suratur Rum, to wanda ya shiga irin wannan gida da wannan niyya bai yi asarar kuɗinsa ba.

Yanzu gwiwa. Daga Milano jirgin ƙasa ne zuwa garin Komo, bai cika wuce awa guda ba, daga Komo kuma a shiga bis ko jirgin ruwa zuwa Lenno. Daga Lenno hanya biyu ce, ko a taka da ƙafa kamar kilomita guda cikin itatuwa kuma akwai hawa, ko a shiga ƙaramin jirgin ruwa na haya ya sauke ku a gindin gidan. Kar ki bari Hajiya ta bi ta ƙafa. Jirgin ya fi, amma ki sani ko shi in ya sauke ku akwai matakala mai tsayi kafin a kai lambun, kuma hanyoyin lambun tsakuwa ce ga gangare, cikin gidan kuma hawa-hawa ne ana bin ɗan rakiya a ƙungiya ba a jiran mai nawa. Shawarata ku saya mata biyen lambu kaɗai, ta hau a hankali tana hutawa, ta samu wuri ta zauna wajen rumfar nan da jikokinta, ke da yayanki ku shiga ciki. In kuma ranar gwiwar ta tashi kar a matsa mata, ku tsallaka ruwa zuwa Belajo, akwai lambun gidan Melzi da aka gina tsakanin 1808 da 1810, shi gidan ba a shiga amma babbar hanyar lambun a shimfiɗe take a bakin ruwa ƙarƙashin inuwa, tsohuwa zata yi yawonta ba wahala. Akwai kuma gidan Karlota a Tremezzo, kusa da inda jirgi ke tsayawa, wata gimbiya ce ta saya a 1843 ta ba ɗiyarta kyautar aure, furanninsa a watan Afrilu da Mayu ba a magana. Sai dai ki shirya Hajiya tun daga gida, irin waɗannan gidaje cike suke da mutum-mutumin dutse kuma da yawansu ba sutura, kar ta yi karo da su gaban surukarta ba shiri.

Sauran ƙananan abubuwa. Balbiyanelo a al'ada ba ya buɗewa Litinin da Laraba, kuma tsakiyar hunturu a rufe yake sai wajen tsakiyar Maris, dan haka yayanki ya shiga shafinsu na intanet ya kama wuri tun da sauran kwanaki, musamman in Yuli ne ko Agusta lokacin da Turawa ke hutu. In zaki yi lissafin kuɗi, yuro guda sefa 656 ne, kenan yuro 10 jika shida da rabi da ƴan kai, kar ki riƙa faɗa ma Hajiya farashin komai da sefa in ba haka ba ko ruwa ba zata yarda a saya ba. Ku ɗauki rigar sanyi ko da rana ta fito, iskar kan ruwa tana shiga jiki, takalmi kuma mai kama ƙasa, maganin tansiyonta a jakarki ba a akwati ba. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba kamar nan da muke fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa ba, kuma in watan Yuni ne magariba sai bayan ƙarfe 9 na dare, ku tafi da darduma ƙarama ku tambayi masu gadi inda za ku raɓe. Abinci ku tsaya kan kifin tafki ko taliya da tumatir, ku tambaya ko an sa giya a girkin dan suna sawa a shinkafarsu, yankakken naman nan ja da ake sawa a burodi kuma yawanci alade ne. Yara kuma a riƙe hannunsu, ruwan yana da sanyi kuma daga baki yake zurmawa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan Garin Malam ne ina karatu a Azhar. Abokaina sun shirya zuwa Fayyum lokacin hutu, sun ce akwai gidan Sarki Faruk a bakin tafkin Ƙaruna, kuma wai gidan Ƙaruna ɗin da Alƙur'ani ya faɗa yana nan har yanzu ana shiga. Gaskiya ne? Kuma ya halatta a shiga?

AMSA: Ɗana Allah ya ba da ilimi mai amfani. Ka je, tafiyar ba nisa, Fayyum kamar kilomita 100 ne kudu maso yamma da Alƙahira, in kun yi sammako kun dawo a ranar. Amma gidaje biyu ne abokanka suka haɗa maka a magana guda.

Na farko gaskiya ne. A bakin tafkin ta kudu akwai gidan da Sarki Faruk, wanda ya mulki Masar daga 1936 zuwa 1952, yake sauka in ya fito farautar tsuntsaye, dan tafkin matattarar agwagin ruwa ce masu zuwa daga Turai lokacin sanyi. Ana ce masa Oberj, yanzu otal ne, kana iya shiga ka sha shayi ka duba tsofaffin hotunan da ke bango. Abin da ya sa ya shiga tarihi shi ne ranar 17 ga Fabrairu 1945 a nan firaministan Ingila Churchill ya gana da Sarki Abdul'aziz na Saudiyya, kwana uku bayan Sarkin ya gana da shugaban Amurka Roosevelt a cikin jirgin ruwan yaƙi a mashigin Suwez. Yaƙin duniya na biyu na dab da ƙarewa, manyan ƙasashe kowa na neman gindin zama a ƙasar da aka gano man fetur, ga kuma maganar Falasɗinu a kan tebur. Kai da ke karatun addini da tarihi, zama a wannan zaure ka tuna abin da aka tattauna da abin da ya biyo baya ya fi maka hoton bakin ruwa amfani.

Na biyun kuma, wanda ake kira Ƙasr Ƙarun, wato fadar Ƙaruna, a can ƙarshen tafkin ta yamma, ba gidan Ƙaruna bane, ba ma gidan zama bane. Ɗakin bauta ne na mutanen da, na farin dutse mai ɗan rawaya, an gina shi zamanin sarakunan Girkawa da suka mulki Masar bayan Iskandar, wato tsakanin shekara ta 323 da ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma kada, dabbar nan ta ruwa, suke bauta ma a ciki, suna ce masa Sobek. Tsakanin wannan zamani da na Annabi Musa akwai ɗaruruwan shekaru. Kai ma ka san ayar, a Suratul Ƙasas Allah ya ce ya sa ƙasa ta haɗiye Ƙaruna shi da gidansa, to gidan da ƙasa ta haɗiye ba shi ne za a yanka maka biye ka hau rufinsa ba. Mutanen yankin ne suka laƙaba masa sunan saboda yawan ɗakuna da lunguna da ke ciki, aka yi ta labarin akwai dukiya a ɓoye. Wurin ya cancanci gani, akwai matakala a cikin bango da ke kai mutum sama ka hango sahara da kufan tsohon garin, kuma duk 21 ga Disamba hasken rana na shiga har ƙuryar ɗakin da safe, mutane na taruwa kallo. Hukuncin shiga kuwa kana zaune cikin malamai, ka tambayi shehinka ya fi ni.

Shi tafkin ruwan gishiri ne, yana ƙasa da teku da kamar mita 43, ruwan da ya fito daga gonaki ne ke zuba ciki kuma ba shi da mafita sai dai rana ta shanye, shi ya sa gishirin ke ƙaruwa, kar ku yi wanka. In da sauran lokaci ku biya ƙauyen Tunis wajen maginan tukwane, yana kan hanya.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni mushe ne ina koyar da tarihi a wata lise a nan Zinder. Kullum muna karanta ma yara labarin gidajen sarakunan Faransa, su kuma suna tambayata mu ina namu. Ina so in fita da su yawon gani da ido. Shin muna da irin wannan tsohon gida na bakin tafki a jihar Damagaram?

AMSA: Mushe sannu da ƙoƙari, wallahi saƙonka ya fi kowane taɓa ni. Amsa a gajarce, irin wancan gida na hutu da attajiri zai gina shi kaɗai a bakin ruwa nesa da gari ba al'adar manyanmu bace. Su a tsakiyar jama'a suke gini, cikin ganuwa, kusa da masallaci da kasuwa, dan zamanin yaƙi ne kuma girman mutum a yawan masu sallama a zaurensa ake gani. Amma tsohon gida muna da shi, tafki ma muna da shi, sai dai ba a wuri guda suke ba, ka raba fitar taku kwana biyu.

Rana ta farko Birni. Fadar Mai Martaba Sultan tun tsakiyar ƙarni na 19 take, kuma ba kufai bace, har gobe ana zaman fada ana sulhu, dogarai na nan da jan kaya da kore. Ka ba yaran labarin Sarki Tanimu da ya rasu a 1884, wanda ya ƙarfafa ganuwa, aka ƙera bindigogin igwa a garin nan zamaninsa, ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus su ratsa ta nan zuwa Kano. Ka nuna musu inda Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852. Ka gaya musu yadda aka kashe hafsan sojan Faransa Kyaftin Kazamaju a nan a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da yaƙin Tirmini da aka yi da Faransawa a 1899, da cewa Zinder ce babban birnin Nijar kafin a maida shi Yamai a 1926. Amma kar ka tsaya kan sarakuna kaɗai, ka tsayar da su gaban bangon wani tsohon gida su duba da idonsu, su ga tubali yadda aka jera shi, su ga zanen dagi a saman ƙofa, zankwaye a kan soro, azara a rufi, indararo da ke fidda ruwa nesa da bango, su taɓa makuba su ji taurinta, ka tambaye su wa ya san da bawon ɗorawa ake yinta. In ka samu tsohon magini ya yi musu bayani da bakinsa ya fi duk abin da ke littafi.

Kuma ka kai su inda tsohon masallacin Birni yake, wanda ya ruguje a farkon Satumba 2024 bayan ruwan sama mai yawa, ginin da ya kai shekara 170 da wani abu yana tsaye. Ranar mutane da dama sun yi kuka kuma ni ma ina cikinsu. Ginin ƙasa ba ya mutuwa dan tsufa, yana mutuwa ne ranar da aka daina yaɓe, indararo ya toshe ba wanda ya hau ya buɗe, ruwa ya kwanta a gindin bango damina bayan damina. Da can kowace shekara kafin ruwa ya sauka gida-gida ake yaɓe, yanzu mai gida ya rasu, magada goma sha, wannan yana Yamai wannan yana Kano wannan yana Libiya, kowa na jiran wani ya fidda kuɗi, daga ƙarshe a sayar a rushe a dasa bulo da kwano. Tun 2006 tsohon garin Zinder yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar ma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, dan a sa su cikin kayan tarihin duniya, Agadas ta samu shiga a 2013, mu muna nan muna jira gidajen kuma suna narkewa. Shi ya sa na daɗe kan labarin Baturen can na Komo a amsar farko. Muna da alhazai masu hali a garin nan da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka musu, ina roƙon ko mutum guda a cikinsu ya sayi tsohon gida ɗaya a Birni ya yi wakafinsa, ya haɗa da shago biyu ko uku a kasuwar Dole da hayarsu zata riƙa biyan yaɓe da mai gadi, a buɗe ma ƴan lakwal da baƙi. Ba sai an jira kuɗin waje ba, addininmu ya riga ya tanadi hanyar.

Kafin ku je fada ka aika takarda ko ka je da kanka ka nemi izini, kar ka kwashi yara hamsin ku faɗa ba sanarwa. Ka koya musu gaisuwar fada, a cire takalmi inda aka ce a cire, ƴan mata su yi lulluɓi, kar a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa sai an tambaya, kuma ku tanadi ɗan goro na dogarin da zai zagaya da ku. Gidajen unguwa kuma akwai iyali a ciki, iyakarku zaure sai in mai gida ya ce bismillah.

Rana ta biyu Gidimuni, kan hanyar Gure bayan an wuce Miriya. Tafkin yana kwance tsakanin tudun rairayi da itatuwan dabino da garake, kuma tun 2019 yana cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, shi da tafkin Madarumfa na jihar Maraɗi. Ku je lokacin sanyi, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin tsuntsayen ƙetare sun sauka kuma lambu ya yi kyau, ku tashi da asuba dan ku riski masunta da masu ban ruwa a bakin aiki. Ka fara kai gaisuwa wajen mai gari, ka nemi dattijo ya gaya ma yaran inda ruwan yake kaiwa lokacin yana yaro da inda yake tsayawa yanzu, da yadda rairayi da kacalla ke cin bakinsa, su rubuta a kaye. Ku tafi da ruwan shanku a jarka, ledar da kuka zo da ita ku koma da ita, kuma duk yadda suka roƙe ka kar ka bar ko ɗaya ya shiga wanka, kwantaccen ruwa irin wannan shi ke sa tsargiya, ga laka mai riƙe ƙafa. Ka sanar da hukumar lakwal da iyaye a rubuce, ka tambayi jandarmomi labarin hanya kwana guda kafin tafiya, kuma ku juyo tun la'asar kar dare ya same ku da yaran mutane a hanya.